Daren da sojojin Ingila suka cinna wa Fadar White House wuta

Da yammacin Laraba, 24 ga Agusta, 1814, an shirya teburin cin abinci na mutum 40 a gidan shugaban Amurka da ke Washinton. An jera faranti, an sanyaya abin sha, ana jiran Shugaba James Madison ya dawo daga bakin daga tare da ministocinsa da hafsoshinsa. Waɗanda aka dafa dominsu ba su ci ba. Sojojin Ingila ne suka shigo bayan dare ya yi, suka zauna suka cinye, sannan suka tara kujeru da labule da katifu a tsakiyar ɗakuna suka kunna wuta. Kafin gari ya waye babu abin da ya rage sai bangon dutse da ya yi baƙi ƙirin.

Mutane da dama kan ɗauka cewa ƙarfin Ingila ne ya kai ta har cikin fadar. Ni dai a ganina sakacin gwamnatin Madison ya fi ƙarfin Ingila aiki a wannan rana, kuma ita kanta gobarar, duk da ƙaurin sunan da ta yi, ba ta sayo wa Ingila wani abin kirki a yaƙin ba.

Amurka ce ta fara shelanta yaƙin, ranar 18 ga Yuni, 1812. Koke-kokenta uku ne manya. Ingila na cikin yaƙi da Faransa ta Napoleon, sai ta kafa dokokin hana jiragen kasuwancin wasu ƙasashe shiga tashoshin Turai ba tare da yardarta ba, abin da ya karya 'yan kasuwar Amurka. Na biyu, sojojin ruwan Ingila kan tare jiragen Amurka a tsakiyar teku su kwashe ma'aikata da ƙarfin tsiya su sa su aikin soja, da hujjar cewa 'yan Ingila ne da suka gudu. Dubban mutane aka kama ta haka. Na uku, Amurkawa na zargin Ingila da bai wa ƙabilun asalin ƙasar makamai, musamman haɗakar da jarumi Tecumseh ya gina domin tare mamayar filayensu. Akwai na huɗu da ba a cika faɗa da ƙarfi ba, wato kwaɗayin Kanada. Tsohon shugaba Thomas Jefferson har cewa ya yi kama Kanada bai wuce a yi tattaki a shiga ba.

Majalisa ba ta haɗa baki a kan yaƙin ba: 79 da 49 aka yi a majalisar wakilai, 19 da 13 a ta dattawa. Abin takaicin ma, a cikin makon nan ne Landan ta janye dokokin kasuwancin da ake faɗa a kansu, amma labari a wancan zamanin sai ya yi makonni a jirgin ruwa kafin ya tsallaka teku. Haka ƙasar da jiragen yaƙinta ba su kai 20 ba ta tsokano mai fiye da 500.

Tattakin da Jefferson ya yi alkawari bai yiwu ba. A watan Agustan 1812 Janar William Hull ya miƙa garin Detroit ba tare da ya yi faɗa ba. Daga nan yaƙin kan iyaka ya rikiɗe ya zama na ƙone-ƙone, kuma a nan ne tushen gobarar Washinton yake. A ƙarshen Afrilun 1813 Amurkawa suka kama York, hedikwatar lardin Kanada ta Sama, garin da yau ake kira Toronto. Sojojin Ingila da ke janyewa suka tayar da rumbun albarushi, ya kashe Janar Zebulon Pike da sojojinsa da dama. A kwanakin da suka biyo baya aka wawushe gidaje, aka ƙona gine-ginen majalisar lardin da gidan gwamna, aka tafi da sandar majalisa, wadda ba a mayar ba sai 1934 a zamanin Franklin Roosevelt. A Disambar 1813 kuma Janar George McClure na Amurka ya ƙona ƙauyen Newark na Kanada a tsakiyar hunturu, ya bar mutane kusan 400, yawancinsu mata da yara, a kan ƙanƙara. A watan Mayun 1814 Amurkawa suka kuma ƙona Port Dover, ita ma a Kanada.

Wannan ce hujjar da Ingila ta riƙe, cewa ramuwar gayya ce. Hujjar tana da ƙafa, amma ba ta tsaya daram ba. Newark dai an riga an rama ta tun a watan da aka yi ta, domin sojojin Ingila sun tsallaka sun ƙona garuruwan Amurka na Lewiston da Black Rock da Buffalo, gwamnatin Amurka kuma ta nesanta kanta daga aikin McClure. Port Dover ce ta sa gwamnan Kanada, Sir George Prevost, ya rubuta wa Admiral Alexander Cochrane, kwamandan jiragen yaƙin Ingila a yankin, yana neman a ɗana wa garuruwan gaɓar Amurka irin abin da aka ɗana wa nasa. Cochrane, wanda dama ba ya ƙaunar Amurkawa (ɗan'uwansa ya mutu a yaƙin neman 'yancinsu, a Yorktown), ya ba jiragensa umarni a watan Yuli su lalata duk garin da suka samu dama. Maganar York kuwa, wadda yau ita kowa ke kawowa, ta fi yin ƙarfi ne bayan an riga an yi ɓarnar, lokacin da ake neman abin kare kai. Ramuwa tana ciki, babu musu. Amma akwai kuma lissafin soja, na a tilasta wa Amurka janye dakaru daga iyakar Kanada, da lissafin siyasa, na a kunyata Madison a idon jama'arsa daidai lokacin da wakilan ƙasashen biyu suka fara zaman sulhu a birnin Ghent na Beljiyam ranar 8 ga Agusta.

Abin da ya ba da damar duk wannan shi ne faɗuwar Napoleon a watan Afrilun 1814. Shekara biyu Ingila na yaƙar Amurka da ragowar ƙarfinta, yanzu kuwa ta samu sararin turo gogaggun sojojin da suka yi yaƙi a Sifen ƙarƙashin babban janar ɗinta, Wellington. Aka ba Manjo Janar Robert Ross, mutumin Ailan, wata runduna, ta biyo ta tsibirin Bamuda ta shigo mashigin ruwan Chesapeake. A can ta tarar da Admiral George Cockburn, wanda tun 1813 yake kai hare-hare a gaɓar, ya ƙona Havre de Grace, ya san kowane rafi da kowace hanya.

Wa ya nuna masa hanyoyin? Bayi. Jihohin Maryland da Virginia cike suke da gonakin taba da bayi baƙaƙen fata ke nomawa. A farkon Afrilun 1814 Cochrane ya yi shela cewa duk wanda ya gudo wurinsu zai samu 'yanci, ko ya shiga soja ko a kai shi wata ƙasar Ingila ya zauna. Suka riƙa sulalewa da dare a kwale-kwale, iyali guda guda. Daga cikinsu aka horar da wata rundunar baƙaƙen fata a tsibirin Tangier, kuma wasunsu na cikin waɗanda suka shiga Washinton. Tsoron tawayen bayi ya kuma ɗaure hannun masu tsaron gida: mutum yana bakin daga, hankalinsa yana gona.

Yanzu ga sakacin. Tun 1 ga Yuli Madison ya tara ministocinsa ya ce yana jin za a kawo wa babban birnin hari. Ministan yaƙi, John Armstrong, ya ƙi yarda. A ganinsa me za a zo nema a Washinton, garin da mutanensa ba su fi 8,000 da 'yan kai ba, tituna duk taɓo, gidaje a warwatse cikin daji? Baltimore mai tashar jiragen ruwa da dukiya, ita ce abin hari. Saboda haka bai gina ganuwa ba, bai haƙa ramuka ba, kuma ya ƙi a kira mayaƙan sa-kai da wuri don kada a ciyar da su a banza. Tsaron yankin kuma aka danƙa shi ga Janar William Winder, lauya ne da ba a daɗe da sako shi daga hannun Ingila ba bayan an kama shi a Stoney Creek, wanda babban abin da ya ɗaukaka shi shi ne kasancewarsa ɗan ɗan'uwan gwamnan Maryland, wanda ake neman goyon bayansa. Makonni ya yi yana zagaye a kan doki yana duba wurare, bai tsayar da shawara ko ɗaya ba.

Ranar 19 ga Agusta sojojin Ingila kimanin 4,500 suka sauka a Benedict, a bakin kogin Patuxent. Ba su da dawakai, manyan bindigoginsu 'yan ƙalilan ne da ake ja da hannu, ga zafin Agusta yana kayar da mutane bayan watanni a cikin jirgi. Kwana biyar suna tafe cikin daji. Da an sare itatuwa an tare hanya, da an karya gadoji, da an riƙa yi musu kwanton ɓauna, da wuya su iso. Babu wanda ya yi. A ranar 22 ga wata Amurkawa suka tarwatsa ƙananan jiragen yaƙinsu da Joshua Barney ke jagoranta da hannunsu don kada su faɗa hannun abokan gaba. Cochrane ya aiko da saƙo cewa an cimma buri, a dawo. Cockburn ne ya lallashi Ross suka yi kunnen uwar shegu da saƙon suka ci gaba.

An haɗu a Bladensburg, tazarar kilomita 10 ko ƙasa da haka daga birnin. Amurkawa sun fi yawa, sun haura 6,000, kuma su ke kan tudu. Amma yawancinsu 'yan sa-kai ne da suka iso a gajiye, wasu ko harsashi ba a gama raba musu ba. Gadar da ke kan kogin tana nan ba a taɓa ta ba. Ministan harkokin waje, James Monroe, wanda ba shi da hurumin ba da umarni, ya zo ya sake wa sahun sojoji wuri ba da sanin kwamandansu ba, ya raba su nesa da juna yadda wani ba zai iya agaza wa wani ba. Shi kansa Madison saura ƙiris ya shige cikin abokan gaba a kan dokinsa. Da Ingila ta fara harba rokokin Congreve, waɗanda ba su cika samun abin da aka auna ba amma suna da ƙara da hayaƙi, sai sahu ya watse kamar kasuwar da hadari ya taso mata. Matuƙan Barney da sojojin ruwa 'yan ɗaruruwa ne kawai suka tsaya suka yi faɗa na gaske har aka harbi Barney a cinya aka kama shi. Ingila ta fi asarar rayuka a wannan rana, amma fili nata ne. Amurkawa da kansu suka raɗa wa abin suna tseren Bladensburg.

A cikin gari kowa ya kama gabansa. Wani akawu a ma'aikatar harkokin waje, Stephen Pleasonton, ya sayi yadin lilin aka ɗinka buhuna, ya cusa takardar shelar 'yancin kai da kundin tsarin mulki da wasiƙun George Washington, ya ɗora a amalanke ya kai su wani gida a Leesburg ta Virginia. Armstrong ya gan shi yana wannan aiki ya ce masa tsoro ne kawai. A fadar kuma uwargidan shugaba, Dolley Madison, ta tsaya har labarin faɗuwar daga ya iso, ta sa aka kwashe azurfa da wasu takardu, ta kuma nace kada a bar babban zanen George Washington da Gilbert Stuart ya yi. An ɗaure shi da ƙusoshi a bango, sai da aka fasa katakon aka zare shi. Labarin da ya yaɗu shi ne ita ta cire shi da hannunta. Paul Jennings, yaron da ya shirya teburin nan, bawa ne ɗan shekara 15 a lokacin, ya rubuta a 1865 cewa ba haka aka yi ba: mai tsaron ƙofa Bafaranshe da mai kula da lambu ne suka sauke shi. Jennings ɗin nan Dolley ta sayar da shi daga baya, ya fanshi kansa, kuma da talauci ya kama ta a tsufanta yakan taimaka mata da ɗan abin da ke aljihunsa.

Ross da Cockburn sun shigo da magariba da 'yan sojoji kaɗan, suna neman wanda zai miƙa garin a yi yarjejeniya. Ba su samu kowa ba. Daga wani gida kusa da majalisa aka buɗe musu wuta, aka kashe dokin Ross, suka ƙona gidan. Sai ginin majalisa na Capitol, wanda a lokacin ɓangare biyu ne da wata baranda ta katako ta haɗa. Kotun ƙoli a ciki take zama, haka ma ɗakin karatun majalisa mai littattafai kusan 3,000, duk suka tafi. Daga nan suka bi titin Pennsylvania zuwa fadar shugaba. Bayan cin abincin, kowa ya ɗauki ɗan abin tunawa. Cockburn ya ɗauki wata hula da matashin kujerar Dolley. Baitulmali ya biyo baya. Babbar gobarar daren ma ba Ingila ce ta kunna ta ba: kwamandan ma'aikatar ƙera jiragen yaƙi, Thomas Tingey, shi ya cinna wa wurin wuta bisa umarnin gwamnatinsa, har da sababbin jirage biyu. An hango hasken daga Baltimore.

Washegari aka ƙona ginin ma'aikatun yaƙi da harkokin waje. Ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ya tsira saboda shugabansa, William Thornton, ya roƙa cewa kayan da ke ciki na mutane ne ba na gwamnati ba. Cockburn ya je ofishin jaridar National Intelligencer, wadda ta daɗe tana zaginsa. Matan unguwa suka roƙe shi kada wuta ta ci gidajensu, sai ya sa aka farfasa injin aka watsar da haruffan ɗab'i a titi. Gidajen jama'a galibi ba a taɓa su ba, har an yi wa sojojin da aka kama da sata bulala. Wannan ya nuna cewa abin tsararre ne: alamomin mulki ake so a ƙona, ba garin ba. Da rana wasu sojoji suka zuba gangunan albarushi a wata rijiya a Greenleaf's Point, ta fashe ta kashe fiye da goma daga cikinsu. Sai kuma guguwa mai ƙarfi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta ɗaye rufin gidaje. Amurkawa na son cewa guguwar ce ta kori maharan, amma Ross bai zo da niyyar zama ba, kuma ba shi da mutanen riƙe gari. Da dare suka bar wutar sansani tana ci don yaudara, suka sulale. Zamansu duka bai wuce awa 26 ba.

Ba za a ce bugun bai shiga ba. Madison ya kwana uku yana gararamba tsakanin Virginia da Maryland, har ya kwana a gidan wani mai kula da gidan waya a Brookeville, kafin ya dawo ranar 27 ga wata. Garin Alexandria ya miƙa wuya ga wasu jiragen Ingila ba tare da harbi ba, aka yi awon gaba da fulawa da taba da auduga. Bankuna suka daina biyan zinariya da azurfa, gwamnati ta kasa biyan bashinta kafin ƙarshen shekara. Armstrong ya sauka, Monroe ya haɗa ma'aikatu biyu.

Sai dai gwamnati ba gini ba ce. Shugaba yana raye, takardu sun tsira, majalisa ta zauna ranar 19 ga Satumba a ofishin nan da Thornton ya ceta. Kuma gobarar ta farkar da Baltimore: dubban mutane suka fito suka haƙa ramuka ƙarƙashin Janar Samuel Smith, irin aikin da aka ƙi yi a Washinton. Ranar 12 ga Satumba aka harbe Ross a North Point, kusa da Baltimore. Jiragen Ingila suka yi awa 25 suna luguden wuta a kan sansanin McHenry mai tsaron Baltimore bai faɗi ba, suka juya. Wani lauya, Francis Scott Key, da ya je neman a saki wani likita da aka kama a hanyar dawowa daga Washinton, ya kalli luguden daga jirgi, ya rubuta waƙar da ta zama taken ƙasar a 1931. Kwana ɗaya kafin mutuwar Ross kuma, Amurka ta murƙushe jiragen Ingila a tafkin Champlain da ke iyakar Kanada, Prevost ya koma Kanada da babbar rundunarsa. Wannan ne ya fi nauyi a Ghent. Da gwamnatin Landan ta tuntuɓi Wellington, ya gaya mata ba ta da hujjar neman ko taƙi ɗaya na ƙasar Amurka. Aka sa hannu ranar 24 ga Disamba, 1814, kowa ya koma inda yake kafin yaƙi. Ba a ambaci kamen ma'aikatan jirgi ba, buƙatar keɓe wa ƙabilun asali ƙasarsu kuma Ingila ta yi watsi da ita.

A Turai ma abin bai yi wa Ingila kyau ba. Jaridun Faransa sun yi tir, a majalisar Landan kuma Samuel Whitbread ya ce sun aikata abin da ko mayaƙan da suka ci birnin Rum a da ba su aikata ba. Napoleon ya shiga manyan biranen Turai da dama bai ƙona majalisunsu ba. Amma a lura, kunyar ta tsaya ne a kan cewa an yi wa Turawa 'yan'uwa. Bayan shekara 60, a Fabrairun 1874, kwamandan Ingila Garnet Wolseley ya tarwatsa fadar sarkin Ashanti, Asantehene Kofi Karikari, ya ƙona Kumasi da ke Ghana ta yau, a yaƙin da dakarun Hausawa na hafsan Ingila John Glover suka shiga ta ɓangaren gabas, kuma abin da ya samu daga majalisar nan shi ne godiya da kyautar fam 25,000.

Saura kaɗan Washinton ta rasa matsayinta. An kawo ƙudurin ɗauke babban birnin, ana hangen Philadelphia, ya faɗi da ƙuri'a 83 da 74. Masu filaye a garin, da suka ga dukiyarsu za ta zama kufai, suka haɗa kuɗi suka gina wa majalisa mazauni na wucin gadi. Jefferson ya sayar wa gwamnati littattafansa 6,487 a kan dala 23,950 aka sake kafa ɗakin karatu. James Hoban, wanda ya zana fadar tun 1792, shi aka kira ya sake gina ta, da ƙwadagon da ya haɗa da na bayi kamar karon farko. Madison bai sake kwana a cikinta ba. Monroe ne ya tare a 1817. Zancen cewa an shafa mata farin fenti ne don ɓoye tabon wuta, daga nan ta samu suna, ba gaskiya ba ne. Tun 1798 ake shafa mata farar ƙasa don kare dutsen daga sanyi, kuma ana kiranta farin gida kafin yaƙin, ko da yake sai 1901 Theodore Roosevelt ya mayar da sunan na hukuma. Haka ma masu cewa 'yan Kanada ne suka ƙona ta: rundunar Ross daga Turai ta taso, Kanada kuwa ba ta zama tarayya ba sai 1867.

Ingila ba ta biya ko sisi a kan fadar ko majalisar ba. Abin da aka yi shekaru ana ja a kansa shi ne bayin da suka gudu, waɗanda yawansu ya kai dubbai. Amurka ta ce yarjejeniyar Ghent ta wajabta a dawo da su a matsayin dukiya, Ingila ta ƙi, ta zaunar da yawancinsu a Nova Scotia da New Brunswick, tsofaffin sojojin kuma ta ba su filaye a kudancin Trinidad a 1816, inda jikokinsu suke har yau ana kiransu Merikin. Aka kai ƙara gaban Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya, ya yanke hukunci a 1822 cewa a biya diyya. A 1826 Ingila ta amince da dala 1,204,960, kuma iyayen gijin bayin ne suka raba kuɗin.